Mai Agogon da Bai Taɓa Ɗaura Agogo Ba

Ku da kuka zauna da Kawu Bala a Gyaɗi-Gyaɗi kun san ba a tambayarsa ƙarfe nawa idan ana sauri. Kana tambaya zai naɗe ƙafar wando, ya ce, "Bari in je in ɗebo maka," ya haye kekensa. Sai ya taka har mararrabar da ke kan hanyar kasuwar Tarauni, inda wani tsohon agogon gwamnati yake a kan dogon ginshiƙi, ya ɗaga kai ya duba, ya juyo. A hanya ya gaisa da mahauci, ya leƙa zaman makoki, ya sa a buga wa tayarsa iska. Sannan ya iso ya faɗa maka abin da ya gani, babu ƙarin ko minti ɗaya.

Matarsa Inna Laraba takan ce, "Malam, ai wannan ƙarfe goman taka ta huce."

Shi kuma ya ce, "Abin da idona ya gani na faɗa. Ni ba na yi wa gwamnati ƙari."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na zauna har na gama jami'a. 'Yan'uwa ne suka matsa in rubuta wani abu a kansa, wai ni ne mai digiri. Na daɗe ina jinkiri, don ina tsoron in ƙara ko in rage, kuma duk inda na kuskure ina roƙon a gyara mini. Wannan halin nawa ne ma ya sa marigayin ya raɗa mini suna Malam Wataƙila.

Unguwa na kiransa Mai Agogo, alhali hannunsa bai taɓa ɗaukar agogo ba. Tun yana saurayi, wai, ya rantse da Allah ba zai ɗaura ba, ba zai rataya a gidansa ba, ba zai duba na aljihun wani ba. Hujjarsa ɗaya ce. "Na biya haraji, an kafa mini agogo. In sake sayen wani? Lokaci kamar rana yake, na jama'a ne. Duk wanda ya ɗaure shi a hannu ɓarawon zaune ne!" Mun yi shekaru muna dariyar wannan rantsuwa. Daga baya likita ya shigo maganar, kuma a nan dariyar ta tsaya mana a wuya. Amma bari in bi a hankali.

Kawu ya san tarihin agogunan Kano, ko in ce ya san tarihin da shi ya yarda da shi. A faɗarsa, da can ladan ne agogon birni, sai inuwar katanga. Da jirgin ƙasa ya zo, kukansa ya zama agogon fatake. Daga nan aka fara maƙala manyan agogai a tasha da ofisoshi da bakin kasuwa, don talaka ya daina cewa bai san ya makara ba. Namu na mararraba, in ji shi, shi ne autansu, an kafa shi tun Tarauni tana da gonaki. Na nemi wannan bayani a rubuce ban samu ba, saboda haka ba zan rantse ba. Da na faɗa masa haka sai ya ce, "Wanda zai rubuta ɗin a gindin agogon yake tambayata hanya."

A zamanin soja agogon ya tsaya. Akwai wani ma'aikaci da yake zuwa da tsani duk mako ya murɗa masa makulli. Aka yi rage ma'aikata, mutumin ya tafi, tsanin ya tafi, makullin ma ba a sake jin labarinsa ba. Hannuwan agogo suka ƙame a sha ɗaya da wani abu. Muka ce to, shi ke nan, Kawu zai saduda.

Ina! Washegari ya haye keke kamar kullum, ya dawo ya ce, "Ɗaya ta kusa." Kuma kusan hakan ne.

Maƙwabcinmu Baba Sunday, mai gyaran agogo, wanda a Kano aka haife shi kuma Hausarsa ta fi tawa gishiri, ya leƙo daga bayan kes ɗin gilashin da yake jera agogai ya ce, "Bala, ji tsoron Allah. Agogon da ya mutu ne ya gaya maka?"

"Bai mutu ba, tsare shi aka yi. Wa ba a tsare ba a ƙasar nan?"

"To a ina ka ga ɗayar?"

"A inuwarsa."

Ashe inuwar ginshiƙin yake dubawa! In ta taɓa bakin kwata, hantsi. In ta shige ƙarƙashin teburin mai lemo, azahar ta gabato. Baba Sunday ya ce ai wannan ko turken akuya zai yi. Kawu ya ce turken akuya ba da harajinsa aka kafa shi ba. Ranar da hadari ya rufe rana kuwa, sai ya dawo ya jingine keke ya ce, "Yau gwamnati ba ta fito aiki ba."

Su biyun nan sun fi shekara talatin suna cin abinci a faranti ɗaya, kuma ko sau ɗaya Kawu bai kalli cikin kes ɗin Baba Sunday ba. In zai gaishe shi, sama yake kallo kamar mai neman wata.

Sai aka buga gangar siyasa, soja suka ce za su koma bariki. Ni lokacin na dawo daga bautar ƙasa, ina yawon neman aiki da takardu a hammata. Kafin a ankara 'yan takara sun lulluɓe fuskar agogon da fastoci, wani a kan wani, har ya yi kumburi. Kawu ya samo doguwar gora ya ɗaura mata jiƙaƙƙen tsumma, kullum da safe yana kankare fuskokin mutane. Kowace jam'iyya ta ɗauka ɗaya ɓangaren ne ya turo shi. Wasu samari suka tare shi, suka ce, "Baba, kai wa kake yi?"

Ya ce, "Wanda ke ƙasan ubanku nake yi," ya nuna agogon. Na ji an ce ba "ubanku" ya ce ba, "ubangidanku" ya ce. Ina fatan hakan ne, amma na san Kawu.

Da aka gama zaɓe, sabon kansilanmu ya hau kujera. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma a iya sanina mutum ne mai zumunci. Mu dai Honarabul muke ce masa. Kawu ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ja ni sakatariya, wai in yi magana da Turanci don a san ba mu zo roƙo ba. Na tsaya gaban Honarabul, na yi bayani mai tsawo. Kawu ya zungure ni.

"Me ka ce masa?"

"Na ce idan babu damuwa, kuma idan da hali, wataƙila a duba yiwuwar..."

"Da damuwa! Kai, don wannan aka sayar da gonar uwarka aka kai ka jami'a?" Ya ture ni gefe. "Ranka ya daɗe, soja sun tsare agogo. Ku da kuka ce kun zo sakin mutane, ku sake shi."

Honarabul ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce ai ba gyara kaɗai ba, na zamani za a sa. Ni a raina na ji wani ɗar, amma ban tabbata ba.

Aka ba da kwangila. Aka kwashe tsofaffin ƙarafan cikin agogon, waɗanda har yau ban san inda suka kwana ba, kuma ba na zargin kowa. Aka sa sabon inji mai aiki da lantarki, aka ja masa waya daga falwaya. Aka shafe ginshiƙin da fenti, aka rubuta sunan Honarabul da harufan da suka fi lambobin agogon girma.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, maroƙa suka cika wuri. An ce da hantsi za a fara. Honarabul, wanda ya zo ƙaddamar da agogo, bai iso ba sai bayan la'asar. Yana ɗaga almakashi zai yanke ƙyalle aka ɗauke wuta. Aka ruga aka ɗauko janareta. Hannun agogo ya motsa, mata suka rangaɗa guɗa, Kawu ya share hawaye da hannun riga, na gani da idona. Da taro ya watse, motar da ta kwashe kujeru ita ta tafi da janaretan.

Daga ranar agogonmu ya koma tafiya in da wuta, tsayuwa in babu. Kuma in wutar ta dawo, daga inda ya tsaya yake ɗorawa, ba ruwansa da abin da ya wuce a duniya. Kawu ya watsar da inuwa, ya ce mai ita ya dawo. Sai ka ga ya shigo gida rana ta take, ya ce, "Bakwai na safe." Inna Laraba ta ce, "To sannu da asubanci, ga tuwon rana nan."

Abin mamaki, a lokacin ne darajarsa ta ɗaga. Matan unguwa suka gane cewa layin wutar agogon ɗaya ne da na masu injin markaɗe na bakin kasuwa. Yana shigowa lungu sai ka ji ana kira ta kan katanga, "Malam Bala, yana tafiya?" In ya ce yana tafiya, sai bokitan gero da wake su fito a guje. Kawu ya riƙa taka keke yana ɗaga kai. Ya ce wa Baba Sunday, "Ka gani? Duk unguwa agogon gwamnati take tambaya. Naka wa ya tambaya?"

Nan ne ciwon sukari ya kama shi. Likita ya ce magani da abinci a kan lokaci, safe da yamma, ba wasa. Kawu ya ce to, ya ci gaba da bin agogonsa. Wata rana ya sha sau ɗaya, wata rana ya haɗa biyu kusa da kusa ciki babu komai. Ran nan aka kawo mana shi a bayan a-kori-kura, ya yanke jiki ya faɗi a gindin ginshiƙin, keke a kansa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Muka kai ƙara wurin limamin unguwa. Liman ya ce abu mai sauƙi, ya warware rantsuwar ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma.

Kawu daga kwance ya ce, "Allah gafarta Malam, gwamnati ta ƙi aikinta, ni kuma in ciyar da mutum goma?"

Lokacin na samu aikin koyarwa. Albashina na farko na je wurin Baba Sunday na sayi agogon hannu mai kyau. Na durƙusa gaban Kawu na ce, "Ba wai na ce ka ɗaura ba, amma wataƙila in an ajiye shi kusa..." Ya karɓa da gefen riga kamar an miƙo masa kunama, ya ce Allah Ya yi albarka. Na fita ina murna.

Da ya ji ƙarfi, sai ya ɗauki guduma da ƙusa ya tafi mararraba. Ya kafe agogona a jikin ginshiƙin, daidai ƙasan sunan Honarabul. Ya dawo yana haki, ya ce, "Yanzu ya zama na jama'a, ya halatta in duba." Kwana biyu yana zuwa yana duba kyautata a bakin titi. A na uku ya tarar da ƙusa kaɗai.

Na ce, "Kawu, an sace!"

Ya ce, "Kul! Jama'a ce ta ɗauki kayanta."

Na rasa abin yi, har na fara tunanin ko in bar aiki in zauna ina yi masa ladanci. Baba Sunday ne ya raba gardamar, kuma bai shawarci kowa ba. Wata safiya muka fito muka ga ƙaton agogon bango mai batir a rataye a wajen shagonsa, sama can ƙarƙashin kwano, fuskarsa na kallon titi, daidai saitin tabarmar da Kawu yake zama a ƙofar gida. Kawu ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Sunday, wancan na wa ne?"

"Na kowa ne."

"Ba na sayarwa ba ne?"

"An ce maka na kowa ne, kurma!"

"Wa ya ƙaddamar da shi?"

"Tsani."

Kawu ya ɗaga kai a hankali, ya duba, ya juya cikin gida ya ƙwala kira, "Laraba! Takwas ta yi, kawo maganin nan." Inna ta ce tunda aka kawo ta gidan, ranar ce ta fara samun lokaci da zafinsa.

Da wannan agogon ya ƙara shekaru masu auki a cikinmu, yana shan magani a kan kari, yana zagin masu wayar hannu da suka fara yawa, wai yanzu ɓarayin sun koma sa lokaci a aljihu. Na mararraba kuwa an ture shi da aka zo faɗaɗa titi. Babu wanda ya iya gaya masa, shi ma bai tambaya ba, ya dai daina bi ta can. Har gobe 'yan mota in sun iso wurin sukan tambayi masu sauka, "Akwai Agogo?" Yaran yanzu ba su san dalili ba.

Da ya rasu, ni na taya wankan gawarsa. Na riƙe wuyan hannunsa na hagu, fata sumul, babu sawun komai. Da muka dawo daga maƙabarta na tarar da Baba Sunday a kan tsani, da tsufansa, yana canza batir. Na ce, "Baba, ka sauko, ai yanzu wataƙila ba mai dubawa."

Bai juyo ba. Ya ce, "Na kowa ne."

A kan komai na wannan labari ina iya yin kuskure, ban da abu ɗaya: mun yi rashi. Allah Ya jiƙan Kawu Bala, Ya yafe masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya saka wa maƙwabcinsa da alheri. Allah Ya sa ya huta a gidan da ba a tambayar ƙarfe nawa. Amin.