Ledar Alhaji Modu

Ku da kuka kama aiki jiya-jiya, ku saurara. Akwai wata Talata cikin damina, shekara biyu kafin in yi ritaya, da har yau ta ƙi barin kaina.

Ni masinja ne a lokacin, a sashen masu ciwon zuciya. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, amma ni ke kiran suna, ni ke kai fayil, don haka ko attajiri bai ga likita sai da izinina. Dokar sashen ita ce kowa ya zo da duk maganin da yake sha, likita ta gani. Marasa lafiya kuma suna da tasu dokar: na asibiti a shiga da shi, na ɓoye a bar wa Baba Bukar, wato ni, a ƙarƙashin benci. Na yi gadin saiwa, na yi gadin garin magani, har na gaji.

Ranar sai Alhaji Modu, dillali a Kasuwar Shanu, ya miƙo min leda. Wata huɗu ke nan da bugun zuciya ya kwantar da shi.

"Wushe, Baba. Riƙe min amana. Ɗana ya aiko daga waje, sunansa arjinin. Yana buɗe hanyar jini."

"Alhaji, jinin naka tirelar shanu ne da yake neman faɗin hanya?"

Ya yi dariya, ya shiga yana dafa bango. Da na kai fayil, na ji yana gaya wa likita jiri na ɗibarsa, sau biyu ya faɗi a tsakiyar shanu. Ta auna, jini ya yi ƙasa. Ta tambaye shi ko yana shan wani abu daban. Ya ce ko kusa. Ta ɗauki biro za ta rage masa maganin da ke riƙe da zuciyarsa.

Na fita na tsaya a kan ledar nan. Ban taɓa tona asirin kowa ba. Na ɗauko ta na dire a tebur.

Likita ta karanta jikin robar. "Alhaji, wannan sinadari ne da ke cikin nama da gyaɗa. Gaskiya yana sassauta jijiyoyin jini. Amma ka haɗa shi da namu, shi ya sa jinin ya faɗi. Kuma wanda zuciyarsa ta taɓa bugawa ba a so ya sha."

Alhaji bai dube ta ba, ni ya duba.

Jirin ya tafi, yana zuwa kowane wata da ƙafarsa, amma har na bar aiki bai ƙara amsa gaisuwata ba. Labari ya bazu, aka koma barin ledoji wurin masu Keke Napep a bakin get.

A aikin nan, mutum ya fi tsoron faɗan likita da kwanciyar asibiti. In ya ce maka ba ya shan komai, kada ka rubuta tukuna. Fita ka leƙa waje.