Mushe Ilu da Littafin Cikin Waya

Kun dai san Kawu, Mushe Ilu na Bande, wato Malam Ilu a bakin 'yan lakwal: ba ya buɗe littafi sai ya shinshina shi, kamar mai sayen daddawa. Yana koyar da tarihi a jami'a a Damagaram, idanunsa na mutuwa, amma wai laifin masu buga littafi ne da suka ƙanƙanta rubutu don rowar takarda. Ni 'yar ƙanwarsa, kuma ɗalibarsa, na san karatun ne ke shirin kuɓuce masa, ga shi duk duniya ba abin da yake so kamarsa.

Ran da na ce masa littafi arba'in ne cikin wayata, ya karɓa ya jinjina ta a tafin hannu.

"Arba'in, Hadiza? Ko rabin tiyar gero ba ta kai ba. An cuce ki!"

Wani ɗalibi ya ce bai yi karatu ba, sharjin wayarsa ya ƙare. Kawu ya ɗaga wani tsohon littafi da gara ta ci gefensa.

"Wannan ya girmi ubanka, bai taɓa ce mini yana jin yunwa ba!"

Da hutu muna gida Bande, abokin aikinsa ya turo masa littafi ta wayata. Kwana uku ina karanta masa. Muna gamawa ya ce in mayar.

"Kawu, ai nasa na wurinsa."

"To wannan na wa ne? Aro aro ne!"

Wallahi sai da ya ɗora ni a kabu-kabu har Magarya, inda rezon waya ke da ƙarfi, na tura wa mutumin abinsa. Ya kira yana dariya, Kawu ya ce, "Ka duba da kyau, ba shafin da ya yage."

Bayan ya bar aiki na tarar da shi gindin itacen bedi, littafi rufe bisa cinya, ya yi tagumi. Tausayi ya kama ni. Na buɗo littafi a waya, na sa yatsu biyu na buɗa rubutun har kowane harafi ya kai ƙwayar wake. Ya kusanto da ita, ya karanta layi guda da kansa, ya ƙara wani, hawaye na zuba.

"Kada ki gaya wa ɗalibai," in ji shi.

Ga shi na faɗa, Kawu, ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka.