Girin na Bakwai

Shekara goma sha ɗaya ina kula da ciyawa a wani tsohon filin golf a bayan garin Greensboro, kuma cikin ramuka goma sha takwas ɗin nan, na bakwai ne nawa. Ba ramin kansa nake nufi ba, dandalin lallausar ciyawar da ke kewaye da shi, wanda muke kira girin. Waɗanda suka gina shi tun zamanin alfadari da shebur sun yi masa doro kamar ƙwarya a kife. In ka buga ƙwallo da hankali ta zauna, in ka yi garaje ta gangaro ta dawo maka.

Ni ɗan manomi ne daga Filato, da tafin ƙafa nake sanin ƙasa. Kowace safiya nakan cire takalmi in taka shi, in ji inda ya ƙoshi da inda yake jin ƙishi, sannan in jawo tiyo. Abokan aiki sun yi mini dariya har sun gaji sun bari.

Sai maganar babbar gasa ta taso. Manajanmu ya tara mu ya ce masu shirya ta suna zagayen duba filaye, suna so wata shekara a yi a tsohon fili irin namu, wata a sabo. Matsalar ita ce 'yan wasan yanzu ƙwallonsu na cin nisa, tsohon fili ya yi musu kaɗan, ga shi suna son girin mai santsi. Idan na bakwai ya kasa riƙe ƙwallo ranar da masu dubawa za su zo, katafila ce za ta baje shi.

"Ka bar shi yadda ka saba," in ji manaja. "Kada ka ƙara masa komai."

To ni inda na tashi, ba a cewa manyan baƙi na tafe ka bar gida yadda yake. Na ɗauka kara yake yi mini, ba ya so ya ɗora mini aiki. Matata ma da na gaya mata a gida, can McLeansville, cewa ta yi, "Maigida, ai ko tsakar gida a share." Ranar da za su zo, da sassafe na sauke wuƙar injin yankan ciyawa ƙasa da yadda na saba, na aske shi sau biyu, na bi shi da rola na daddanne, na hana shi ruwa don ya yi sheƙi. Gaskiya ban taɓa ganinsa da kyau irin na ranar ba, har hoto na ɗauka.

Su uku suka zo. Ɗaya ya durƙusa kusa da ramin, bai ma buga ba, sakin ƙwallon kawai ya yi. Ta yi kamar za ta tsaya, sai ta kama tafiya, ta wuce ta gaban takalmina, ta gangara cikin ramin yashin da ke gefen girin. Ya sake gwadawa, haka. Manaja ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai. Na buɗe baki in ce a ba ni kwana uku da tiyo su dawo su gani, amma kafin in haɗa Turancin har sun yi rubutunsu sun wuce na takwas.

Na bi manaja ofis na ce laifina ne, ba na girin ba. Ya ce ya sani, amma abin da suka gani shi suka rubuta. Garin neman gira na rasa ido, kuma babu wanda zan kama sai kaina. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Da kaka katafila ta zo. Aikin da ya girmi kakana, kafin azahar ta shafe shi. Aka shimfiɗa sabo a baje, aka binne na'urar da ke gaya wa wayar manaja lokacin ban ruwa.

Gasar kuma ba ta zo ba. Wani sabon fili aka kai ta, wai namu ba shi da isasshen wurin fakin motoci da wurin kafa rumfunan 'yan kallo. Wurin fakin fa. Da ido a rufe suka shigo ƙofarmu tun ranar farko?

Har yanzu ni ke aske na bakwai. Makon da aka buɗe shi na cire takalmi na taka daga wannan gefe zuwa wancan, ko'ina ɗaya, babu abin da ya gaya wa ƙafata. Na mayar da takalmina, ban sake cirewa ba.