Muryar Abednego a Kashi na Biyu

Abednego manomin citta ne a Godogodo, dogon mutum mai sanyin magana. Tun yana rarrafe ya faɗa murhu, rabin fuskarsa ya ƙone ya tattare. Mutanen gari sun saba, ba mai waiwayensa.

Wata rana Martins, wani matashi mai shirya fim a Kafanchan, ya hange shi a kasuwa. "Baba, kai ko kwalliya ba ka buƙata," in ji shi. Haka Abednego ya fito a matsayin dodo a fim ɗin ban tsoro. Fim ya karɓu, shi kuma yara suka fara gudunsa, har jikarsa ta daina cin abinci a kwanonsa.

Da Martins ya dawo neman kashi na biyu, Abednego ya ƙi.

"Baba, wannan karon dodo zai yi magana. Mutane za su gane shi ma ɗan Adam ne."

Wannan ne ya sa ya yarda. Sati biyu yana haddace maganarsa a gona, matarsa Zipora tana gyara masa. A wurin ɗaukar fim, kyamara ɗaya ce, ta aro. Jinin da aka shafa masa kuwa zoɓo ne da sitaci, ƙudaje suka yi ta binsa. Sau tara ya tsaya cikin ruwan Matsirga har ƙugu yana cewa, "Ni ma uwa ce ta haife ni." A na tara ya yi kuka na gaske, mai kyamara ma ya sunkuyar da kai.

Ranar da aka haska fim ɗin a Kafanchan, ya sa rigarsa ta coci, ya zauna a gaba tare da Zipora. Aka zo wurin maganarsa a fim ɗin. Bakinsa ya motsa, hawaye na zuba, amma abin da ya fito gurnanin alade ne. Ya gane gurnanin: aladensa ne, a bayan gidansa aka naɗa. Ɗaki ya ɓarke da ihu da dariya.

A waje ya tare Martins. "Ina maganata?"

"Baba, ka yi haƙuri. Tsoro mutane suka zo ji, ba wa'azi ba."

Abednego bai sake taka Kafanchan ba. Yanzu in ya wuce a kekensa, samari kan yi masa gurnani a baya. Ba ya waiwayowa.