Ranar da Inna Ta Ɗaga Murya

Har yau in na ji an ja ƙofar shago ta ƙarfe da tsakar rana, sai gabana ya faɗi. Shekaranjiya a kasuwar Singa wani ya rufe nasa don zuwa sallar Azahar kawai, amma sai da na dafa buhun shinkafa na tsaya. Kada ka yi mini dariya. Wanda ya taɓa jin shagunan layi guda sun rufe a tare ya san abin da nake faɗa.

A Fagge na tashi, a gidan hayar wata Hajiya Bayarabiya mai sayar da atamfa. Mu Hausawa ne, kuma Kirista ne. Na san wani zai koma baya ya duba ko kuskure na yi. Ban yi ba. Ina da 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, abin da na rubuta kuma shi nake nufi. Baba direban babbar mota ne, rabin wata yana hanya. Inna tana tuyar ƙosai a ƙofar gida. Mace ce mai kunyar da har haushi take ba ni. Ni 'yar fari ce, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke". In namiji ya zo sayen ƙosai, kaskon take kallo, ba shi ba.

Cocinmu tana Sabon Gari. Ibo ne suka fi yawa, sai Yarbawa da mutanen Jos, sai mu a benci na baya. Inna ba ta jin Turanci ko na sisi. In an yi waƙa da Hausa ta motsa leɓe, in an juya harshe ta bi da tafi. A zumuntar mata ta ranar Alhamis ta haɗu da wata Ibo mai sayar da bandar kifi, ƙatuwar mace, muryarta kamar ana kiran fasinja a tasha. Ranar farko ta rungume Inna, ta daki ƙirjinta sau biyu, ta ce, "Nwanne m!" Inna ta ji kamar an ce "wanne", ta dubi tiren kifin ta ce, "Wanne a ciki? Ai ban zo da kuɗi ba." Sai da matar fasto ta gama dariya sannan ta ce a yarensu ana nufin 'yar'uwa, wadda kuka fito ciki ɗaya. Tun daga ranar Inna take ce mata Wanne. Sunanta na yanka ba ta taɓa tambaya ba. Hausar matar a karye take, amma lokacin da Inna ta yi ɓari ita ce ta tako har Fagge da farfesun kifi mai yajin da ya sa ni hawaye, ta yi kwana uku tana dafa mata ruwan wanka.

Ina wajen shekara goma abin ya faru, da bazara, zafin da ko ƙadangare ba ya son hawa katanga. Baba yana hanya. Kada ka tambaye ni abin da ya haddasa rigimar. A lokacin ban sani ba, yanzu da na sani ma ban ga ya kai ran mutum ɗaya ba. Shaguna dai suka fara rufewa, sai hayaƙi ta wajen titi.

Hajiya ta shigo ɗakinmu ba sallama, ɗankwalinta a hannu.

"Mutanen layin nan ba mai taɓa ku," ta ce. "Amma waɗanda ke tahowa ba 'yan nan ba ne, kuma suna tambayar gidaje. Ki ɗauki yarinyar nan ku tafi wurin mutanenku kafin a rufe hanya."

Ta zura wa Inna hijabinta ruwan toka, ni kuma ta lulluɓe ni da mayafin 'yarta. Muka bi lungu. Mun wuce samari da sanduna har sau biyu, ba wanda ya kalle mu. Kwalta na ƙona mini tafin ƙafa don takalmi ɗaya ya tsinke, na bar shi a can.

A bakin Sabon Gari an tare hanya da duro da tayoyi da bencin mai shayi. Bayansu samarin unguwar ne da adduna. Inna ta ga ta iso gida, ta manta da abin da ke jikinta. Ta matsa, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Salamu alaikum."

Wani dogo mai baƙin mai a hannu ya taso. Haifaffen Kano ne, Hausarsa ta fi tawa.

"Ku koma inda kuka fito, Hajiya."

"Mu Kirista ne, ɗana."

"Kirista da hijabi? An aiko ku ku ƙirga mu, ko?"

Na waiga. Hayaƙin ya ƙaru, ana jin ihu ta inda muka baro. Komawa babu.

Wani ya ce ta yi Addu'ar Ubangiji. Ta fara da Hausa, murya can ƙasa. Suka ce da Turanci. Ba ta iya ba. Ta ƙara matse hannuna a cikin nata.

Dogon ya ce, "To, wa kika sani a nan?"

"Wanne."

"Ni nake tambayarki! Wa kika sani?"

"Wanne," ta sake cewa.

"Wasa kike da ni?" Ya buga addar a jikin duro. Ƙarar ta shiga mini har haƙori. Sauran suka matso.

Sai Inna ta saki hannuna. Matar da ba ta iya kallon mai sayen ƙosai ta ɗaga kai a gaban maza wajen ashirin, ta buɗe ƙafa, ta turo ciki gaba, ta daki ƙirjinta sau biyu, ta kwarara ihu da wata murya da ba tata ba:

"Nwanne m!"

Komai ta kwaikwayo, har jan ƙarshen da karkata kan. Sai wani daga baya ya tuntsire da dariya, ya nuna dogon. "Kai, wallahi mamanka ce!"

Dogon bai yi dariya ba. Addar ta sauko a hankali har ta taɓa ƙasa. Ashe ɗan Wanne ne, aka ruga aka kira ta.

Ta taho da gudu, zani a hannu, ba takalmi. Tana isowa ta ɗauke ɗanta da mari, ƙato da shi, a gaban abokansa. "Ƙosai wa kake ci kullum Alhamis? Ƙanwar uwarka ce wannan, shege mara ido!" Sannan ta ture bencin da ƙafa ta jawo mu ciki. Da hannunta ta cire wa Inna hijabin. Wani ya miƙo hannu zai karɓa ya jefa kan taya, ta buge hannun. Ta ninke shi tsaf ta sa a hammata. "Mai wannan ya cece ku. Za a wanke, a mayar."

Kwana biyar muka yi a ɗakinta, mu tara a tabarma biyu. Inna ba ta ƙara ɗaga murya ba har ta koma ga Ubangiji.

Yanzu cocin ta girma, an yi bene, an raba sujada. Ta Hausa da sassafe, ta Turanci da hantsi, Ibo kuma sun gina tasu a wani layi. Kowa yana jin wa'azi da harshen uwarsa, ban ce abu ne mara kyau ba. Amma a bakin ƙofa muke giftawa, masu fita da masu shiga, ko sannu babu. Ni in an tashi ta Hausa ba na tafiya. Zama nake a ta Turancin, ko rabi ba na ganewa, in kutsa tsakanin matan da ban sani ba har sai sun matsa mini. 'Ya'yana suna cewa ina ba su kunya. Na ce su ji kunyar. In aka sake tare hanya, su gaya mini muryar wa za su kwaikwaya.