Yoyon Bayan Katangar Kwamanda

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ranar da na gyara famfon gidan kwamanda a Tasawa ba za ta fita raina ba.

Shekarar fari ce, zamanin mulkin soja, lokacin da mutanen karkara suka yi ta kwararowa gari bayan dabbobinsu sun ƙare. Ni kuwa gyaran famfo nake yi. Aka aiko in zo, wai injin rijiyar gidan ba ya hutawa: ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu, ko da ba a buɗe ruwa ba.

Na fara da tanki. Na ƙwanƙwasa shi, na gwada iskar cikinsa, lafiya lau. Amma allurar agogonsa mai auna ƙarfin ruwa sai sauka take a hankali. Da na rufe hanyar ruwan lambu, sai ta tsaya cik. Ke nan akwai yoyo a wannan tiyon. Na bi shi har inda ya ratsa ta bayan katanga.

Can na tarar da mata durƙushe da ƙorai, suna tarar ruwan da ke tsattsafowa daga mahaɗar tiyon. Ba wadda ta fasa kome, tsatsa ce ta ci wurin. Sojan da ya rako ni ya ce, "Toshe shi."

Na durƙusa ke nan, sai wata tsohuwa ta ƙura mini ido. Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina daga ƙauyen Cake, wadda ta goye ni. Ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi magana.

"Ɗana ne wannan," ta ce wa matan, fuskarta cike da fara'a. "Kun ga, har gidan kwamanda yake aiki."

Soja na tsaye a kaina. Na sauya mahaɗa, na ɗaure, ruwa ya ɗauke. Gwaggo ta dubi ƙoryarta da ko rabi ba ta kai ba, ta ce, "Ka iya aiki. Allah ya yi maka albarka." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na koma ciki kaina a sunkuye, na faɗa wa uwargidan kwamanda abin da na gani. Sai ta ce in kafa wa matan kan famfo a wajen katanga, za ta ji da maigida. Na kafa. Gwaggo kuwa gidana na tafi da ita, ta zauna har damina ta sauka, kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Tun daga ranar na gane ba kowane yoyo ne ɓarna ba. Kafin ka toshe, duba wa ke sha a ƙarƙashinsa.