Bahago, Mai Sauraren Takun Ƙafa

Tun rana ba ta ɗaga ba Bahago yake isa filin ƙwallo. Yakan jingine tsohon babur ɗinsa a bayan ɗakin sauya kaya, ya jawo benci bakin barandar simintin da 'yan wasa ke bi su fita, ya zauna ya lumshe ido. Baƙo ya gan shi sai ya ɗauka gyangyaɗi yake, alhali aiki ya fara. Ƙusoshin takalma na ƙwanƙwasa siminti, shi kuwa yana saurare kamar mai jin yayyafi a kan kwano. Ya san takun kowa.

"Mai tsaron gida, dawo," yakan ce, ido a rufe. "Ƙafarka ta dama tana tsoron ƙasa yau. Me ya same ta?"

Shekara ashirin da shida yana wannan aikin koci, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye usur.

Waɗanda suka ga zamaninsa na ɗan wasa sun ce ƙwallo bin ƙafarsa ta hagu take yi tamkar ta san mai ita. In ya ɗauko ta daga tsakiya, ihun 'yan kallo yakan yi masa nisa, filin ya yi tsit a kunnensa, ba ya jin komai sai numfashinsa da shassheƙar ciyawa. Yana ɗan shekara ashirin da bakwai gwiwarsa ta kumbura ana gobe wasan ƙarshe. Aka yi masa allurar kashe zafi, ya shiga, ya ci ƙwallo. Kofi ya tafi ofishin kulob, shi ya tafi gida da sanda, kuma tun ranar bai ƙara gudu ba sai a mafarki. Matarsa takan tsokane shi in ya farka daga barcin rana: "Yau nawa ka ci? Ka harbar min da filo har bakin ƙofa."

A matsayin koci bai taɓa ɗaga kofi ba, abin kuma yana ci masa rai, bai ɓoye wa kowa ba. Sau ɗaya tak ƙungiyarsa ta kai wasan ƙarshe, shekara bakwai da suka wuce, albarkacin wani ɗan wasan gaba da ake kira Barewa. Mai tausar 'yan wasa ya shaida abin da ya faru da safiyar ranar, shi ya ba ni labari. Barewa ya biyo baranda yana fito, yana takawa da ƙarfi don kada a gane yana jin ciwo. Bahago bai buɗe ido ba.

"Barewa, koma ka sake takowa."

Ya sake. Sai kocin ya ce, "Cire takalmin, ɗana. Yau kusa da ni za ka zauna."

"Baba, wallahi garau nake! Ɗan tsami ne kawai."

"Bakinka ya ce garau, gwiwarka ta ce a'a. Ita na fi yarda da ita."

Shugaban kulob ya sauko da kansa, mai allura na biye da shi. "Koci, shekara nawa kana jiran wannan rana? Minti casa'in ne fa kawai."

Mai tausa ya ce Bahago ya daɗe yana kallon fili ta ƙofa, kamar yana hango kofin a tsakiyar ciyawa, rana na walƙiya a jikinsa. Yana son sa, Allah Ya sani. Sannan ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna tabon ɗinkin gwiwarsa.

"Ranka ya daɗe, ni ma minti casa'in aka ce min. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Aka ci su ɗaya da nema. Magoya baya suka raka babur ɗinsa da ihu har bakin titi, Barewa ya yi wata guda ba ya gaishe shi. Da aka ɗauki hoton gwiwar Barewa, likita ya ce jijiyar saura ƙiris ta tsinke. Yau Barewa yana nan yana buga wasa, 'ya'yansa biyu, yakan saɓa su a kafaɗa ya hau bene da gudu.

Bahago, kai ne ka ga kofi a tafin hannu ka zaɓi gwiwar ɗan wani. Kai ne uban da ya yarda a yi fushi da shi. Na tambaye ka ko ka yi nadama, ka yi dariya ka ce, "Nadama a'a. Amma kwaɗayi yana nan." Wannan gaskiyar taka ta fi burge ni.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya sassauta wa gwiwar nan. Ku kuma masu usur a wuya, kafin ku kira mai allura ku tuna ƙafa biyu kacal yaron nan yake da su, kuma da su zai nemi abincin iyalinsa bayan an daina tafa masa.